Amsa kan jinyar rukuni ga mai daɗaɗɗen ciwon firgici

Ɗan'uwa, ka tambaya ko zaman rukuni, wato jinyar da masu lalura iri ɗaya ke yi tare, zai amfani yayanka da ke kwance a asibiti da daɗaɗɗen ciwon firgici (wanda ke biyo bayan wani mummunan abu da ya faru da mutum), ko kuwa zai fama masa tsohon miki ne.

Zai iya amfanarsa ƙwarai, matuƙar ƙwararre ne ke jagorantar zaman, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jinyar rukuni mai fuskantar mummunan abin da ya faru da mutum cikin hanyoyin da ta amince da su. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke cin mai wannan lalura shi ne kaɗaici, domin yana ganin babu mai fahimtar dalilin da ƙarar buga ƙofa ke sa shi zabura, ko yake farkawa tsakar dare sharkaf da gumi. Idan ya ji wani ya faɗi haka da bakinsa, kunyar takan ragu. Galibi da koyar da daidaita numfashi da barci ake farawa, ba a tilasta wa kowa ba da labarinsa.

Sai dai kada rukuni ya maye gurbin ganawarsa da likita su biyu, domin hujjar amfaninta ta fi ƙarfi. Idan munanan mafarkai suka ƙaru, ku gaggauta sanar da likitansa.