Me ake saurara a kiɗan Batman alhali babu mai rera waƙa?

Tambaya: Malam, ɗana ya kamu da kallon tsohon katun ɗin Batman, ni ma nakan zauna mu kalla tare. An ce har faifan kiɗansa ake sayarwa daban. Kiɗan da ba a rera komai a ciki, me mutum zai saurara? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya taɓa zuwa filin dambe ya riga ya san hanyar. Kafin ɗan dambe ya shigo, kalangu ya buga takensa, kowa ya san wa ke tafe. Haka Shirley Walker ta tsara kiɗan Batman: The Animated Series, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1992. Kowane gwarzo da kowane mugu yana da takensa.

Kiɗan buɗe shirin na Danny Elfman ne, daga fim ɗin Batman na 1989, kuma Walker ce ta jagoranci makaɗan wancan fim. Da aka damƙa mata katun ɗin sai ta yi wa Batman wani take nata, gajere, mai nauyi, wanda ƙahonin tagulla ke ɗagawa a hankali. Ka sa kunne ka bi shi. In yana laɓe cikin duhu, za ka ji shi ƙasa-ƙasa. In ya diro kan ɓarayi, makaɗa duka su ɗauka da ƙarfi. Taken Joker kuwa, babban abokin gabar Batman, na wasa ne da tsalle-tsalle, sai dai akwai abin da ya karkace a ciki, mai tayar da tsigar jiki. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na wani mugun, Mr. Freeze, a kashin "Heart of Ice": ɗan siririn sauti irin na akwatin kiɗa, yana juyawa yayin da mutumin ke kallon 'yar tsanar da ke tuna masa matarsa Nora. Tun bai buɗe baki ba ka san baƙin ciki ne ya mai da shi haka.

Abin da ya sa nake girmama aikin nan, makaɗa ne na gaske, wajen mutum 30, suke zama su buga wa kowane kashi kiɗansa sabo, a lokacin da yawancin katun na talabijin ke maimaita kiɗa ɗaya ko dogaro da na'ura. A ƙarƙashin Walker matasa irin su Lolita Ritmanis da Michael McCuistion suka goge, kuma Ritmanis ce ta rubuta taken katun ɗin Justice League na 2001.

Faifan ya daɗe bai fito ba. Walker ta rasu a 2006, sai a 2008 kamfanin La-La Land Records ya fitar da kundi na farko mai faifai biyu, kwafi 3,000 kacal, nan da nan suka ƙare. Kundi na biyu ya biyo a 2012, na uku a 2014. Amfaninsu shi ne an cire magana da ƙarar bindiga da ta mota, sai ka ji gogen Turawa da sarewa da a da suke ɓoye.

Shawarata, kada ka fara da faifai. Ku kalli kashi ɗaya da yaron, ka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da taken Batman ya dawo. Bayan nan ku saurari kiɗan kashin shi kaɗai, da lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne, domin wayar hannu tana cinye kaurin sautin ƙasa, kuma a can rabin aikin Walker yake.