Filin Tambaya da Amsa: Dattijon da Ya Koma Tuwon Alkama

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara horon sanin makamar aiki na shekara guda a sashen kula da abincin majinyata na wani asibitin koyarwa. An turo mini wani dattijo mai ciwon suga da hawan jini, na shafe kusan rabin awa ina lissafa masa abin da zai ci da abin da zai bari, shi kuwa yana ta cewa "to, 'yata." Da ya dawo bayan mako huɗu sai sugansa ya ƙaru, ya ce ya bar tuwon shinkafa ya koma na alkama, malmala uku a zama ɗaya, ya kuma maye gurbin sukari da zuma. A ina na kuskure? Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. "To" ɗin da Baba ya riƙa faɗa girmamawa ce da kawaici, domin dattijo ba zai ce wa 'yar cikinsa mai farar riga bai gane ba, kuma kusan duk wanda ya fara wannan aiki ya taɓa ɗaukar wannan "to" a matsayin fahimta.

Abin da ya faru shi ne kin fara da bayani kafin tambaya. A zama na gaba, ki roƙe shi ya faɗa miki duk abin da ya shiga bakinsa tun daga asubahin jiya har ya kwanta, har da koko, da shayin mai shayi, da furar azahar, da lemon kwalba, wanda ƙaramar kwalbarsa kan ɗauki kusan ƙaramin cokali tara na sukari. Ki tambayi wanda ke girki, domin a yawancin gidajenmu tukunya ɗaya ce, kuma shawarar da ba ta kai kunnen uwargida ba da wuya ta kai akushi. Idan zai yiwu, su zo tare.

Batun alkama ya daɗe yana damuna, saboda mutane sun ɗauke ta magani. Alkama hatsi ce kamar dawa da gero da masara, kuma malmala uku za ta ɗaga suga ko daga wane gari aka tuƙa ta. Haka ita ma zuma. Ki nuna masa girman malmala da dunƙulen hannunsa, ki ce ya yawaita miyar ganye irin zogale da alayyafo da kuka, ya riƙa haɗawa da wake. Game da hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen ɗanɗano na cikin wannan lissafi, don haka daddawa ta fi masa.

Kada ki ɗora masa duka a rana ɗaya. Ku yarda a kan sauyi ɗaya ko biyu, sannan ki ce, "Baba, idan ka koma gida me za ka faɗa wa Hajiya?" Daga amsarsa za ki san abin da ya shiga. Ki duba katinsa kuma, domin idan yana allurar insulin, wato allurar da ke sauke suga a jini, rage abinci farat ɗaya ko tsallake shi na iya faɗar da sugansa, kuma wannan sai kin tuntuɓi likitansa da mai kula da horonki.