Yawon buɗe ido zai amfani mai rauni a Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Sakkwato, muna da ƙungiyar taimakon kai da kai a shiyarmu. Kullum ana cewa yawon buɗe ido na kawo ci gaba, amma ni a ganina harkar masu otal ce da masu motoci. Ta ina zai amfani gurgu, ko bazawara mai marayu, ko wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana da gaskiya, muddin yawon bai wuce baƙo ya sauko daga mota, ya ɗauki hoto, ya koma masauki ba. Je ka tsaya ƙofar Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, ka gani. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, har yau masu ziyara ba su yanke ba, wasu ma daga Nijar suke zuwa. Ashe baƙi muna da su. Sai dai abin da ke kaiwa hannun mai rauni a wurin yawanci sadaka ce. Sadaka tana da lada, amma wanda ya karɓa yau gobe ma a bakin ƙofar za ka same shi.

Abin da ke sauya lissafi shi ne baƙo ya zo koyo. A shekarar 2000 masana biyu, Greg Richards da Crispin Raymond, suka fito da wannan salon yawo a rubuce: baƙo ya sa hannu a sana'ar mutanen gari, ya biya ladan koyarwa. Mu kuwa sana'a ba mu rasa ta ba. Fatar jar akuyarmu tun zamanin fatake take ƙetare Sahara har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Ka zaunar da baƙo kan tabarmar baduku, a yanka masa jar fata, ya yini yana ɗinka 'yar jakar da zai tafi da ita. Ko a Maƙera Assada a miƙa masa zugazugi, ya zuga har gumi ya keto masa kafin ƙarfe ya yi ja, maƙeri ya kamo shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera. Wanda ya sha wannan zafin ba zai sake yi wa fartanya tayin wulaƙanci ba.

Abu biyu nake so ka lura da su. Dukanci, ɗinkin hula da saƙar faifai duk aikin zaune ne, gurgu bai gaza mai ƙafa ba. Sannan akwai maganar daraja, wadda ni ta fi kuɗin damuna. Mun san irin kallon da wasu ke yi wa majemi da maƙeri idan maganar aure ta taso. Ranar da ɗan babban gida ya durƙusa gaban majemi yana cewa "Malam, nuna mini", 'ya'yan majemin suna kallo.

Mata da ke cikin gida kuwa, mata baƙi su shiga wurinsu su koyi lalle, kitso, turaren wuta ko kirɓin fura. Wannan ba baƙon abu ba ne a nan. Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajoji, wato matan da ke jagorantarsu, na kawo matan ƙauye neman ilimi.

Ɗaya ɓangaren shi ne talaka shi ma ya zama mai yawon. Faransa tana da takardun tallafin hutu ga ma'aikata tun 1982, Sifaniya kuma tun 1985 take rage wa tsofaffi kuɗin tafiya a lokacin da otal-otal ba cinkoso. Ku ba sai kun jira gwamnati ba. Ku ɗauki bas ɗaya, ku haɗa almajirai da 'yan makarantar kuɗi a kujera ɗaya, ku kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu da filin Giginya, inda aka gwabza da Turawa a 1903. Ku tafi da mai fassara wa kurame. Dokar Nijeriya ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya wuce. Duk inda keken gurgu ya kasa shiga, ku kai kuka da ladabi a rubuce.

Ku fara daga cikin gari. Alkalawa, tsohon birnin Gobir, tana ƙasar Sabon Birni, kada ku kai kowa can sai hanya ta yi lafiya. 'Yan gudun hijira kuma kada a mayar da su abin kallo. Ku nemi masu sana'a a cikinsu, ku haɗa su da maƙera da dukawan gari. Ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda. Ku yanke farashi tun kafin baƙo ya zauna, ya biya mai sana'a hannu da hannu, kason ƙungiya kuma a faɗe shi a gaban kowa.