Me Ya Sa Ake Hana Hawa Babur a Filayen Ciyawa na Gwamnati a Amurka?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Kolorado, kuma na sayi babur irin na shiga daji. Na je filin ciyawa na Pawnee, wani ma'aikaci ya tsayar da ni, ya ce ba a barin hanya a ratsa cikin ciyawa. Fili ne fetal, babu gona, babu gida, kuma an ce na jama'a ne. Mene ne dalilin wannan takura, kuma yaya zan yi in kauce wa laifi?

Amsa: Malam, ma'aikacin nan gaskiya ya faɗa maka, kuma dalilin yana cikin tarihin filin. Abin da ka gani fetal ƙasa ce da ta taɓa mutuwa aka farfaɗo da ita. A farkon ƙarni na 20 manoma sun kafta filayen tsakiyar Amurka suka shuka alkama, suka tumɓuke ciyawar da saiwarta ke riƙe da ƙasa. Da aka shiga fari a shekarun 1930, sai iska ta riƙa kwashe ƙasar gonaki tana turnuƙe garuruwa da ƙura, har dubban iyalai suka yi ƙaura. Gwamnatin tarayya ta sayi gonakin da suka lalace, ta sake shuka ciyawa, sannan a 1960 aka ayyana su filayen ciyawa na ƙasa. A yau guda 20 ne, faɗinsu kusan eka miliyan 3.8, kuma Hukumar Kula da Gandun Daji ce ke riƙe da su.

Ruwan da ke sauka a Pawnee a shekara bai cika kaiwa milimita 400 ba, saboda haka ciyawar wurin gajera ce, ƙarfinta yana cikin saiwa, kuma idan ta mutu takan ɗauki shekaru kafin ta dawo. Tayar babur tana yanke ciyawar, tana danne ƙasa har ruwa ya kasa nutsewa, sai ya bi sawun tayar yana zaizaye shi. Wanda ya zo bayanka kuma zai ga sawu ya ɗauka hanya ce, ya bi, na bayansa ma ya bi. Duk wanda ya ga yadda turbar shanu a kan gangare take zama kwazazzabo bayan 'yan damuna ya san wannan al'amari. A jihar Wayomin har yau ana ganin sawun kekunan shanu na matafiyan ƙarni na 19.

Game da doka, abin da ya kamata ka riƙe shi ne ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2005. Ta wajabta wa kowane gandu da kowane filin ciyawa ya fayyace hanyoyin da aka yarda abin hawa mai inji ya bi, ya buga su a taswirar da ake kira MVUM, wadda ake samu kyauta a ofisoshin hukumar da kuma intanet. Duk hanyar da ba ta cikin taswirar a rufe take, ko da ka ga sawun motoci a kanta, ko da babu allon hani. Nan ne mutanen kirki da yawa suke faɗawa cikin laifi, domin suna bin abin da idonsu ya gani. Hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 5,000 ko ɗaurin wata 6. Taswirar tana kuma nuna irin abin hawan da aka yarda da shi a kowace hanya, da watannin da take buɗe. A Pawnee akwai wurin da aka keɓe wa masu babur, Main Draw, wanda ake buɗewa a lokacin sanyi, a rufe idan bazara ta shigo, lokacin da tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa suke yin sheƙa. Ka tuntuɓi ofis kafin ka tashi, kuma ka tabbatar babur ɗinka yana da rajistar jihar.

Sauran abin da ya rage hali ne na mai hawa. Kada ka fita bayan ruwan sama, domin ɓarnar yini ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi ta wata guda a busasshiya. Idan ka tarar da taɓo a hanya, ka ratsa ta tsakiyarsa ko ka juya, saboda kewaye shi ne ke faɗaɗa hanya. Doka ta wajabta a sa wa salansa abin tare tartsatsi, kuma ina roƙonka kada ka ajiye babur mai zafi a cikin busasshiyar ciyawa, domin gobarar fili idan ta samu iska tana gudu fiye da mutum. Ka wanke tayoyi kafin ka shiga, don kada ka kai irin baƙuwar ciyawa.

Ka kuma sani cewa filin gwamnati a can a cakuɗe yake da filayen mutane, kuma makiyaya suna kiwo a ciki da izini. Ƙofar shingen da ka tarar a rufe ka mayar da ita a rufe, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta haka, kuma idan ka iske shanu a hanya ka rage gudu har ka wuce su.