Amsa kan fararen abubuwa a kashin 'yan raguna

Malam, ka ce ka yi wa 'yan ragunanka allurar ivermectin amma har yanzu kana ganin fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a kashinsu. Tsila ce, mai suna Moniezia, kuma ivermectin ba ta kashe ta, ko ka ninka allurar.

Abin da kake gani gaɓoɓinta ne da suka cika da ƙwai suka ɓalle. Ita tana can cikin ƙaramin hanji, kanta na manne da jikin hanjin, tsawonta kan kai mita da yawa. Ba ta da baki, ba ta da hanji. Ta fatarta take tsotse sukarin da ragon ya narkar, ta adana shi a jikinta, ta ƙona shi ba tare da dogaro da iska ba. Nan maganin tsutsar ciki mai suna albendazol yake kama ta: yana lalata 'yan zaruruwan cikin ƙwayoyin jikinta, ta kasa shan sukari, ajiyarta ta ƙare ta mutu. Prazikwantel kuwa, wani maganin tsila, shanye jikinta yake yi, ta saki hanjin.

Ƙwan da ya faɗi ƙasa wasu ƙananan ƙwari na cikin ciyawa ke ci, ragon ya haɗiye su wajen kiwo, bayan kamar mako 6 gaɓoɓi su fara fita. 'Yan raguna ƙanana tsilar ta fi kamawa, shi ya sa nake jin tausayin naka.

Don Allah kada ka ba tunkiya mai sabon ciki albendazol, yana iya nakasa ɗan. Ka auna nauyin 'yan ragunan, likitan dabbobi ya yanka maka adadin maganin.