Spotify ta daina aiki a rediyon mota

Malam, ka ce Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi, ta daina buɗewa a rediyon Pioneer da aka sa maka a Gusau. Rediyon lafiyarsa lau, kada ka kai wa mai gyara. Tun 2022 Spotify ta daina aiki kai tsaye da tsofaffin rediyon Pioneer, JVC da Kenwood. Ka rabu da maɓallin Spotify, ka zaɓi BT Audio (wato sauti ta Bluetooth) a rediyon, ka kunna waƙar daga wayarka.

Amma in sautin na yankewa da zarar fuskar waya ta mutu, tsarin tsimin batir ne ke kashe manhajar. Shiga saitin waya ka cire ta daga ciki, sannan ka sake haɗa Bluetooth. In ya ƙi, igiyar AUX ta wadatar.