Tambaya da Amsa: Kayan tarihin da aka kwashe zuwa Turai, me ke hana su dawowa gida?

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan kayan tarihi da ke gidajen adana na ƙasashen waje. Mun zaɓi biyar, muka taƙaita tambayoyin.

Wani mai karatu daga Zariya ya ce: Na ji Jamus da Holan sun maido wa Najeriya kayan tagullar Benin, amma Birtaniya da ta kwaso su da hannunta ta yi mirsisi. Raini ne, ko da wani dalili?

Malam, akwai raini, akwai kuma doka. A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson suka ci birnin Benin da yaƙi, suka ƙone fada, suka kwashe dubban kaya na tagulla da hauren giwa, daga baya suka tura Oba Ovonramwen, sarkin Benin, gudun hijira Kalaba. An raba wasu tsakanin hafsoshi, an yi gwanjon wasu a Landan, shi ya sa suka watsu. Rumbun intanet na Digital Benin da aka buɗe a 2022 ya ƙirga guda 5,246 a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20. British Museum kaɗai na riƙe da kimanin 900.

Dokar da ke tafiyar da wannan gida, ta 1963, ta hana amintattunsa fitar da kowane kaya daga rajista, sai wanda suke da irinsa biyu, ko wanda ya lalace, ko wanda bai cancanci ajiya ba. Ko da shugaban gidan na so, hannunsa a ɗaure yake. Cibiyoyin da dokar ba ta hau kansu ba tuni suka motsa: a Oktoban 2021 kwalejin Jesus ta Kambirij ta miƙa zakaran tagulla da ake kira Okukor, jami'ar Aberdeen ta miƙa kan wani Oba da ta saya a gwanjo a 1957, gidan Horniman na Landan kuma ya sallama mallakar kaya 72 a 2022.

Sai dai dokar ba daga sama ta sauko ba. Majalisar da ta yi ta ce ta buɗe ƙofa a 2004 don a iya maido da ƙasusuwan mutane, ta sake buɗewa a 2009 don kayan da 'yan Nazi suka ƙwace. Faransa ma na da ƙa'idar cewa kayan gwamnati ba sa fita, amma a Disambar 2020 ta yi doka ta musamman, a Nuwambar 2021 kaya 26 na fadar Abomey suka koma Jamhuriyar Benin, maƙwabciyar Najeriya, ba birnin Benin ba. Jamus ta sa hannu kan sallama wa Najeriya kayan birnin Benin fiye da 1,100 a Yulin 2022, Holan ta kawo 119 a 2025. Don haka idan aka ce maka doka ce ta hana, ka fahimci cewa majalisar Birtaniya ce ba ta ga dama ba tukuna.

Wani ɗan kasuwa daga Zangon Kumasi ya ce: Kayan zinaren Asantehene, sarkin Ashanti na Ghana, sun iso gidan tarihi na fadar Manhyia, mun je mun gani. Sai aka ce aro ne. Yaya za a ba mutum aron kayansa?

Alhaji, abin da ka ji haka yake. A 2024 gidan Victoria da Albert na Landan da British Museum suka kawo kaya 32, da yawansu daga harin da Birtaniya ta kai Kumasi a 1874, a kan yarjejeniyar shekara uku da za a iya ƙara wasu uku. Da fadar Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu aka ƙulla ta. A shekarar ce kuma gidan Fowler na Amurka ya maido guda bakwai dungurungum, ba sharaɗin komawa.

Amfanin aro shi ne jama'a su gani yanzu. Haɗarinsa yana cikin takarda: mai karɓar aro yakan sa hannu cewa kayan na mai bayarwa ne kuma zai mayar, gobe kuma wannan sa hannun zai iya zama hujja a kansa. Kayan aro ba ya rufe katara. Jamus ta juya tsarin: mallaka ta koma hannun Najeriya, wasu kayan suka ci gaba da zama a Balin da sauran garuruwa a matsayin aro daga Najeriya. Wannan ya fi mana, domin mai kaya ne ke yanke ranar dawowa. Duk wanda za a kawo wa yarjejeniya ya fara duba layin da ya ce wane ne mai kaya kafin ya duba yawan shekaru.

Wani ma'aikacin fada daga ƙasar Katsina ya ce: Dattawanmu na cewa an tafi da wasu kayan sarautarmu zamanin zuwan Turawa. Ta ina za mu fara nema?

Ranka ya daɗe, kada a fara da wasiƙar fushi zuwa ofishin jakadanci. A fara da gano kayan. Gidan adana ba ya amsa "ku dawo mana da kayanmu". Yana amsa lamba. Kowane kaya na da lambar shiga rajista, galibi an rubuta ta da tawada a ƙasansa ko a bayansa, kuma manyan gidaje sun sa rajistarsu a intanet. A nema da tsofaffin rubutun sunayen garuruwa, domin Turawan farko sun rubuta Kachena da Sackatoo, wato Katsina da Sakkwato, da makamantansu, wani kayan kuma "Arewacin Najeriya" kawai aka rubuta masa. A nema da sunan hafsa ko razdan da ya yi aiki a yankin, saboda da sunan wanda ya bayar ake jera kaya da yawa.

Idan an samu, sai a roƙi gidan ya ba da kwafin shafin rajista da wasiƙun da suka zo da kayan. Nan ake ganin hanyar fitarsa, kuma hanyar ce ke nuna ƙarfin da'awa. Ganimar yaƙi ita ce mafi ƙarfi. Kayan da aka sace daga gidan tarihi ko aka fitar ba izini bayan an kafa doka na biye. Abin da aka saya a kasuwar Kurmi da kuɗi, ko wanda sarki ya bayar kyauta, hujjarsa na da rauni, sai an nuna tilas ce aka yi mata rigar kyauta. Ba kowace riga ko sirdi da ke Landan ba ce ta sata, kuma mai da'awar da ya haɗa su duka a buhu ɗaya yana raunana wadda ke da ƙarfi.

A gida kuma a tattara shaida. A ɗauki muryar dattawa da maroƙan fada, kowa shi kaɗai, a rubuta ranar da sunan mai magana, kafin a nuna musu hoton kayan. In aka fara nuna hoto, shaidar ta gurɓace, domin za a ce hoton suka kwatanta. A duba rahotannin larduna a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, sannan ma'ajiyar Kew a Landan. Daga nan a shigar da buƙata ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, saboda yawancin ƙasashe da gwamnati suke magana.

Kada a dogara da yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda ta shafi hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi. Ba ta waiwaye, abin da ya fita kafin ƙasashen biyu su shige ta ba ya ƙarƙashinta. Da'awar zamanin mulkin mallaka da tattaunawa ake cin ta, da wuya kotu ta yi amfani.

Abin da ya fi kashe irin wannan nema shi ne masu karɓa su rabu biyu. Kan kayan Benin an daɗe ana ja tsakanin fadar Oba Ewuare na Biyu da gwamnatin jihar Edo da hukumar tarayya, har a Maris 2023 Shugaba Buhari ya fitar da sanarwar cewa Oba ne mai su. Wasu gidajen Turai sun fake da wannan saɓani sun jinkirta. Idan gidajen sarauta biyu na iƙirarin abu ɗaya, a sasanta a rubuce kafin wasiƙar farko ta fita.

In an amince, saura aikin hannu. Ana rubuta rahoton halin da kayan ke ciki, da hoton kowace tsaga, a sa hannu a can, a sake dubawa a nan. Hauren giwa sai da takardar izinin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, in babu kwastan za su riƙe shi. A kuma nemi a gwada kayan fata da tufafi da itace, domin tsofaffin gidajen adana sun yi ta barbaɗa musu maganin ƙwari mai guba irin su arsenik da DDT. Rigar da za ta koma jikin sarki ko kakakin da za a sa a baki, dole a san abin da ke jikinsu.

Wani manomi daga yankin Kafanchan ya ce: Ƙanena ya tono kan mutum na yumɓu a gona. Wani dillali ya zo da kuɗi. Mu sayar?

Kada ku sayar, ɗan'uwa. Dokar 1979 da ta kafa NCMM ta hana ciniki da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta hana fitar da su waje da kuma haƙa ba takarda. Mai yiwuwa abin na al'adar Nok ne, wadda aka fara gano kayanta a ramin kuza a 1928, kuma sassaƙenta sun haura shekara 2,000.

Kada a wanke shi, kada a kankare ƙasar da ke jiki, kada a liƙa gutsattsarin da gam. A ɗauki hotonsa a inda yake, a aje wani abu kusa da shi don a gane girma, a bar ramin yadda yake, a sanar da mai unguwa da gidan tarihi na Kaduna ko na Jos. Dalili kuwa, gawayi da tsingaro da dutsen niƙa da ke kewaye da shi su ne ke gaya wa masu bincike shekarunsa da abin da mutanen ke ci. Da gawayin ake auna zamani. Mai haƙar dare yana ɗaukar kai ya watsar da sauran, ya bar sassaƙen da ba wanda zai iya cewa daga ina ya fito.

Muna ganin wannan asarar ta fi ta 1897 gaggawa, domin yau ake yin ta. Tun 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa sassaƙen Nok da na Sakkwato da na Katsina, da na Bura a Nijar, da na Sao a gaɓar tafkin Chadi, cikin jerin kayan da aka gargaɗi kowa kada ya saya. Ita kanta Faransa ta sayi irinsu uku don baje koli a Louvre, da hayaniya ta tashi ta amince a 2002 cewa na Najeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: Gaskiya in an dawo da su za mu iya riƙewa? Ba sacewa za a yi ba?

Malama, an yi sata a gidan tarihi na Jos a 1987, an yi a na Ife a shekarun 1990, ba ma ɓoyewa. Amma a 2023 British Museum ya sanar da cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a hannunsa, da yawa ba a ma yi musu cikakkiyar rajista ba, har shugabansa ya ajiye aiki. Sakacin mai kaya ba ya mayar da kayan na wanda ya ƙwace.

Riƙon kuwa ya fi buƙatar tsari a kan dogon gini. Kowane kaya a ɗauki hotonsa ta gaba da baya da ƙasa, a rubuta awonsa da abin da aka yi shi da shi da duk wata alama ko tabo, a aje kwafin rajistar a wani gari dabam. Da wannan ne 'yan sandan Interpol ke iya sa shi a jerin kayan sata. Wanda ba shi da hoto kusan ba ya dawowa.

Sai yanayi. Tagulla busasshen wuri take so. In kika ga koren gari mai haske yana fitowa kamar ƙura a jikinta, gishiri ne da danshi ke cin ƙarfen daga ciki. A ware ta a akwati mai rufi da ƙwayoyin silika masu shan danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙe danshin ƙasa da kashi 40. Kada a goge ta da tsamiya ko toka don ta yi ƙyalli, duhun nan na jikinta kariya ce. Hauren giwa da itace kuma matsakaicin danshi suke so, wajen kashi 45 zuwa 55, kuma sauyin gaggawa ne ke tsaga su. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki da rana ta mutu da dare saboda ɗauke wuta ta fi rashinta ɓarna. Ɗaki mai kaurin bango a tsakiyar gini, da akwatuna masu rufi sosai, ya fi jure tsallen da iska ke yi daga damina zuwa hunturu.